Sun ce Windows 11 kyauta ce, to me ya sa lissafina ya haura miliyan?

Mai Shagon Takardu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawara, kuma don Allah wanda ya san abin ya yi magana. Kwamfutoci shida ne a shagona na buga takardu da yi wa ɗalibai rajista. Tun kafin 14 ga Oktoba suke ta fito min da saƙo cewa Windows 10 ta zo ƙarshe, ni kuwa ina danna "daga baya". Jiya wani yaro ya saka min PC Health Check, manhajar da ke duba ko kwamfuta za ta ɗauki Windows 11, ya gwada su. Laftof ɗina na kaina kaɗai ya ci jarrabawa. HP EliteBook 840 G3 guda uku duk sun faɗi, babbar ta kan teburin gaba ma ta faɗi, tsohuwar da ke haɗe da sikana kuwa Windows 7 ce a kanta, ko gwadawa ba mu yi ba. Na tambayi farashin tokumbon da zai ɗauki 11, an ce min kowane ya haura dubu ɗari uku. Ku ninka sau huɗu ku gani. Wannan ita ce kyautar?

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka, babu kwamfutar da za ta mutu. Abin da ya tsaya ranar 14 ga Oktoba 2025 shi ne gyare-gyaren tsaro da Microsoft ke turowa duk wata. Za ka kunna ta kama, ka buga takarda ta fito. Ka kawo min su, da Rufus, manhajar da ke tsallake sharuɗɗan Microsoft, da filash guda zan ɗora maka 11 a kan G3 ɗin nan duka. Na yi wa mutane ba adadi.

Ɗalibar Sayba: Injiniya, da girmamawa, ka faɗa masa sauran zancen mana. Microsoft ta rubuta ƙarara cewa na'urar da aka tsallake sharuɗɗa aka ɗora mata 11 ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Yau tana zuwa, gobe ba wanda ya yi maka alkawari. Kuma babbar sabuntawar shekara-shekara yawanci ba ta sauka da kanta a kan irin waɗannan, sai an sake zama da filash. Wato duk shekara Alhaji zai dawo shagonka ya biya kuɗin aiki.

Injiniya: To ƙanwata, laifi ne in ci abinci? 😂

Ɗalibar Sayba: Ba laifi ba ne yaya, amma a saka shi cikin lissafi.

Mai Shagon Takardu: Ku tsaya tukuna. Wai me G3 ɗin ta rasa ne? RAM ɗinta 8, na saka mata SSD bara, tana gudu kamar me. Ta fi wasu sababbin da nake gani a hannun ɗalibai sauri.

Injiniya: Ba sauri suke dubawa ba Alhaji. Sharuɗɗan su ne RAM 4GB, ma'aji 64GB, Secure Boot (tsaron lokacin kunna na'ura), TPM 2.0 (ɗan sashen tsaro mai ajiye makullan sirri), sai furosesa da ke cikin jerinsu. Na ukun farko ba matsala. Furosesar ce ta kayar da kai. A ɓangaren Intel daga jenareshan na 8 suka fara, a AMD kuma daga Ryzen 2000. Taka i5-6300U ce, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce jenareshan, 6 ke nan. Ko an ɗaga TPM ɗinta zuwa 2.0 ba za ta shiga jerin ba. G4 ma na 7 ne, ya faɗi. Daga G5 ake farawa. Haka Dell Latitude: E7470 a waje, 7490 a ciki. ThinkPad T470 a waje, T480 a ciki, amma ko a G5 da 7490 da T480 a duba furosesar, don wasunsu da na 7 suka zo. Duk mai shirin sayen tokumbo yanzu ya haddace wannan, don na ga ana lallaɓa mutane ana sayar musu na 6 da na 7 da Windows 11 a kai, ana cewa ai ga ta nan tana aiki.

Tsohon Akawu: Yara, ni fa duk wannan hayaniyar na sha jin irinta. A 2014 aka ce XP ta mutu, muka ci gaba da aiki da ita a ofis shekaru. A Janairun 2020 aka ce 7 ta mutu. Ga ta nan a ɗakina, jikokina na kallon katun a kanta. Kasuwa ce kawai, suna so ku sayi sabo.

Ɗalibar Sayba: Baba, Allah ya ƙara lafiya, taka tana hawa intanet?

Tsohon Akawu: Ina fa. Ba ta san hanyar ba ma.

Ɗalibar Sayba: To shi ne bambancin, Baba. Ta Alhaji kullum tana kan intanet, ɗalibai na shigar da lambar NIN, suna biyan kuɗin makaranta da katin banki, suna buɗe imel ɗinsu, kowa kuma ya zo da filash ɗinsa ya soka. Ku tuna cutar kwamfutar nan WannaCry a Mayun 2017. Cikin kwanaki ta shiga ƙasashe kusan 150, ta kulle fayilolin mutane tana neman dala 300, asibitocin gwamnati a Ingila har sai da suka soke ganin marasa lafiya. Abin takaicin, Microsoft ta fitar da maganin ramin tun watan Maris, waɗanda ba su saka ba su aka kama. Yanzu ku ɗauka an gano irin wannan ramin a Windows 10 kuma babu maganin da zai zo maka kwata-kwata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan kuwa bango ne da magini ya ce ya daina zuwa.

Tsohon Akawu: Amma ai a wancan lokacin har XP ɗin da suka ce sun binne sai da suka fitar mata da magani. Na tuna sarai.

Ɗalibar Sayba: Gaskiya ne Baba, sun yi. Amma bayan gobara ta riga ta tashi ne, kuma ganin dama ce, ba dole ba.

Ɗan Linux: Jama'a ku bar wahalar da kanku. Linux Mint, a cire Windows a ɗora ta a madadinta. Kyauta, ba lasisi, ba TPM, ba jenareshan. G3 za ta tashi kamar an sake haihuwarta. Ubuntu 24.04 ma, wata Linux ɗin, tana da tallafi har 2029. Ni shekara huɗu rabona da Windows.

Injiniya: Ga shi nan ya iso. Ko ciwon kai mutum ya ce yana yi, sai ka ce ya saka Linux.

Mai Shagon Takardu: Ƙanena, CorelDRAW na hawa kanta? Rabin cinikina katin biki ne da kalandar siyasa da satifiket.

Ɗan Linux: Corel ba ta da ta Linux gaskiya. Amma akwai Inkscape, kuma LibreOffice na buɗe takardun Word.

Mai Shagon Takardu: Na taɓa gwada LibreOffice ɗin nan. Ɗalibi ya kawo furojet shafi tamanin, na buɗe, teburan suka zame, lambar shafi ta koma wani wuri, jerin babi ya hargitse. Yaron ya kusa yi min kuka, washegari zai kai wa sufabaiza. Yaran shagona kuma shekara da shekaru hannunsu ya saba da Corel, ko ido rufe suna haɗa katin ɗaurin aure cikin minti goma. In ce su koma 'yan koyo a tsakiyar kakar aure? Wa zai biya ni cinikin watan?

Ɗan Linux: Jihar Schleswig-Holstein a Jamus kwamfutocin gwamnati kusan dubu 30 take mayarwa kan LibreOffice da Linux. Su ba su da aiki ne?

Hajiya Mai Makaranta: Ɗana, tunda ka kawo Jamus, ka kawo Munich ma. Sun shafe fiye da shekara goma suna komawa Linux, a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Ban ce Linux ba ta da kyau ba. Ina nufin ko masu kuɗi da ma'aikatan kwamfuta na musamman sai da suka ji jiki wajen sauyin, balle mai shago da yara uku.

Ɗan Linux: Hajiya wancan siyasa ce ta shiga ciki.

Hajiya Mai Makaranta: To ko ma mene ne, kuɗi aka kashe zuwa, aka kashe dawowa. Ni bari in faɗi nawa. Ɗakin kwamfutar makarantarmu guda ashirin ne, duk tsofaffi. Yara na koyon taifin ne da zane da ɗan lissafi a tebur. Mun mayar da sha biyar kan Linux Mint lokacin hutu, yaran ko a jikinsu, kwana biyu suka gane kanta, malamin ne ma ya fi su gunaguni. Biyar na ofis da ake haɗa sakamakon jarrabawa muka bar su a Windows. Ni a ganina ba a yi wa kwamfutoci hukunci ɗaya. Kowace ka tambaye ta aikin me take yi.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu ma nan haka take. Abin da ban ji kun ambata ba shi ne kuɗin data. Fayil ɗin Windows 11 kaɗai ya haura giga 5, bayan an ɗora kuma ta shiga jan sabuntawa da direbobi. In kowace na'ura za ta sauke nata, forfe ɗin data na wata ya tafi. A sauke sau ɗaya a filash a bi su da shi.

Injiniya: Wannan gaskiya ne mutumin Maraɗi. Mu ma tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a farkon 2025, data ta zama abin lallaɓawa. Ga wuta. Kana tsakiyar ɗorawa NEPA ta ɗauke, in babbar kwamfuta ce ba UPS sai ka sake daga farko, wani lokacin ma ta ƙi tashi. Ni ba na fara wannan aikin sai janareta na kunne, man kuma mai kaya ne zai saya.

Baban Ikram: Ni tambayata, ba za a iya biyan Microsoft su ci gaba da turo gyaran ba? Na ji ana maganar wani ESU.

Ɗalibar Sayba: Ana iya wa. Iri biyu ne. Na gida, yadda aka sanar a 2025, shekara ɗaya ne, zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ko ka biya dala 30, ko ka ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ka shiga da asusun Microsoft ka yarda a riƙa ajiye saitin na'urarka a wurinsu, wannan ba ko kwabo. Asusu ɗaya na ɗaukar na'ura har goma. Sharaɗi, Windows ɗin ta zama 22H2, wato fitowar 10 ta ƙarshe, kuma mai lasisi. Na kamfanoni kuwa shi ne mai zafi: dala 61 kowace na'ura a shekarar farko, 122 a ta biyu, 244 a ta uku. Jimla 427. In ka ƙi shiga a shekarar farko ka zo a ta biyu, sai ka biya har da ta bayan.

Baban Ikram: 427? A canjin ƙarshen 2025 ai ya haura naira dubu ɗari shida. Ka sayi tokumbo mai kyau har da canji.

Injiniya: Da gangan aka tsara shi haka, don ka gaji ka sauya. Ba su ɓoye ba ma.

Mai Shagon Takardu: Kalmar "mai lasisi" ɗin nan ce ta tsaya min a wuya. G3 ɗin sun zo da tasu ta asali, lasisin na cikin allon na'urar. Amma babbar ta gaba, haɗin kasuwa ce, wani mai gyara ne ya ɗora mata, dubu biyu na ba shi. Duk bayan 'yan watanni sai rubutun nan ya fito a ƙasan allo cewa a kunna Windows, in kira shi ya zo ya danna wani abu ya tafi.

Ɗalibar Sayba: Alhaji wannan "wani abun" shi ya fi ba ni tsoro fiye da duk zancen 10 da 11. Kafin ya yi aiki sai an kashe antibayros. Ka san abin da ke ƙunshe a cikinsa? A kan wannan na'urar ake saka katin banki?

Mai Shagon Takardu: A kanta ake yi. 🙆🏾‍♂️

Baban Ikram: Ni abin ya taɓa ci na. Shekara biyu da suka wuce na kai laftof a yi min fomat, aka cika min shi da manhajoji na kirak kyauta, har ina godiya. Sati uku bayan nan Facebook ɗina ya koma hannun wani, yana ta tura wa 'yan uwa saƙon neman rance da sunana. Yayata ta tura masa dubu ashirin tana zaton ni ne. Har yau in muka haɗu a gidan suna sai ta tuna min. Araha ba ta ado, wallahi.

Tsohon Akawu: To nawa ne ta gaskiyar?

Injiniya: A shafin Microsoft, Windows 11 Home dala 139, Pro dala 199. Shi ya sa ba mai saye a nan Baba. Wanda ke da 10 ta asali a na'urar da ta cancanta, hawa 11 kyauta ne, wannan gaskiya ne. Masu tsohon makullin 7 da 8 ma da suna haurawa kyauta, amma an rufe wannan ƙofar tun 2023. Makullan da ake tallatawa a intanet dubu biyar dubu bakwai kuwa, wasu su yi aiki, wasu bayan wata shida su mutu, ba kuma wanda za ka kama. Shawarata kullum, in za ka sayi tokumbo ka sayi wanda ya fito daga kamfani da lasisinsa a jiki. Kuɗin Windows ɗin na cikin kuɗin na'urar.

Admin: Tunatarwa jama'a: ba a saka mahaɗin kirak ko tallan makulli a zauren nan. Na goge guda biyu yanzu. A ci gaba.

Hajiya Mai Makaranta: Wani abin da ke damuna, duk waɗannan na'urorin da Turai da Amurka za su zubar saboda 11, ina za su? Kamfanin Canalys ya yi hasashen kusan miliyan 240 za su iya zama shara. Mun san hanya ai. Kwantena za ta sauke su Legas, Computer Village ta rarraba, su iso mana Kano da Kaduna a ce "London used, clean". Shekara mai zuwa za ku ga na 6 da na 7 sun yi arha, iyaye su yi ta saya wa yara masu shiga jami'a.

Injiniya: Sun fara isowa ma Hajiya. Kuma gaskiya ba zan ce kar a saya ba. Yaron da kuɗinsa bai kai G5 ba, G3 da Linux ko da 11 ta tsallake ta fi babu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar masa a farashin mai cancanta ba a gaya masa ba.

Ɗan Linux: A ƙarshe dai Injiniya ya ce Linux da bakinsa. A rubuta ranar.

Injiniya: Kar ka saba.

Ɗalibar Sayba: Alhaji, koma kan babbar ta gaban nan. Me PC Health Check ya ce ta rasa takamaimai? Furosesa ko TPM?

Mai Shagon Takardu: Bari in duba hoton da yaron ya ɗauka. Ya ce TPM 2.0 ba a same ta ba. Furosesa kuwa alamar kore ce, i5-8400.

Injiniya: Kai Alhaji! Wannan ai lafiyarta ƙalau. TPM ɗin na cikin furosesar, a kashe take kawai. Sake kunna ta, ka riƙa danna Del ko F2 har BIOS, wato allon saitin na'urar, ya buɗe, ka nemi inda aka rubuta PTT, sunan TPM ɗin ke nan a Intel, galibi ƙarƙashin Security ko Advanced, ka mayar da shi Enabled, F10 ka fita. Masu AMD su nemi fTPM. In ta tashi ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta tpm.msc, za ka ga 2.0. In kuma ta yi ƙorafin Secure Boot kar ka taɓa komai, kira ni, don in an ɗora ta a tsohon tsari ne ka sauya kai tsaye ba za ta tashi ba.

Mai Shagon Takardu: Ina zuwa.

Tsohon Akawu: Kafin ya dawo, ita tsohuwar ta sikana fa? Ku bar min 'yar uwar tawa ta huta.

Injiniya: Ita Baba ko an so ba za ta hau ba. In Core 2 Duo ce, 11 daga fitowar 24H2 zuwa sama ko da Rufus ba ta tashi a kanta, akwai umarnin da furosesar ba ta sani ba sam. Kuma sikanar da ke jikinta mai yiwuwa direbanta bai wuce 7 ba. Nan mutane ke faɗawa rami: ka sabunta Windows, firinta ko sikana ta daina magana da ita, sai ga sayen wata. A zare mata wayar intanet kawai, ta ci gaba da sikanin har ranar da Allah ya karɓi abinsa. Chrome ma tun farkon 2023 ya daina sabuntawa a kan 7, ba ta da abin yi a intanet.

Baban Ikram: Office fa? Nawa 2016 ne.

Ɗalibar Sayba: Rana ɗaya suka fita da Windows 10, shi da 2019. Zai ci gaba da buɗewa, gyaran tsaro ne babu. Ka yi hattara da takardun da ake turo maka ta imel.

Baban Ikram: Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Mai Shagon Takardu: Alhamdu lillahi! PTT ɗin a kashe yake kamar yadda ka ce. Na kunna, na sake gwadawa, duk kore. Injiniya Allah ya saka da alheri, ka cire min dubu ɗari uku daga wuya ina zaune.

Injiniya: Amin Alhaji. Kuɗin shawara tsire ne, na Asabar.

Ɗalibar Sayba: Saura lasisin. Kar a ɗora 11 a kan wancan kirak ɗin. A kwashe fayiloli, a goge ta tas, a ɗora sabuwa da makulli na gaskiya. Kuma ka canza kalmomin sirrin duk abin da aka taɓa buɗewa a kanta, na banki da imel musamman.

Mai Shagon Takardu: Na ji ƙanwata, zan yi. Ga yadda na tsara, ku gyara min in na kauce. Babbar ta gaba a goge ta a saya mata lasisi, ita da laftof ɗina su kaɗai za a riƙa rajista da biyan kuɗi a kansu. G3 biyu masu Corel in cire su daga intanet gaba ɗaya, zane da bugu kawai, su zauna a 10 ɗinsu. Ta ukun in ba wa ɗan Linux ya saka mata Mint ɗin nan, masu zuwa duba sakamako da buɗe imel su riƙa amfani da ita, in ga yadda za ta kaya. Tsohuwa kuma a zare mata waya. In kakar aure ta yi kyau, bayan salla in sayi G5 guda ɗaya.

Hajiya Mai Makaranta: Filash ɗin ɗalibai fa Alhaji? Ta nan ma cuta ke shiga, ko ba intanet.

Mai Shagon Takardu: Sai dai a fara soka shi a ta gaba a duba, sannan a wuce da aikin ciki. Zan gaya wa yaran, ko da yake na san sai na yi ta faɗa.

Ɗan Linux: Yaushe zan zo? Ina da filash a aljihu yanzu haka.

Mai Shagon Takardu: Bari sai Lahadi bayan la'asar, shago ba cinkoso. Ka zo da direban firinta, in ba ta buga ba a gabana za ka mayar min da Windows ɗina.

Injiniya: Ka ɗauki hoton fuskarsa lokacin da firintar ta ƙi, ka turo mana nan.